Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ƙungiyarmu Ta Masu Kiwon Zuma: Kun Sayar Mana Da Akwati, Wa Zai Nuna Mana Cikinsa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugaba da 'yan kwamiti, da sauran iyayenmu da suka riga mu shan harbi a wannan harka, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ɗawainiya. Allah ya ƙara girma, ya sa albarka a amyoyinku.

Ni ɗaya ne daga cikin sababbin shiga, irin waɗanda suka ajiye amya ɗaya ko biyu a bayan gida ko a gefen gona don sha'awa kawai. A cikinmu akwai malamin makaranta, akwai wanda ya yi ritaya yana neman abin da zai ɗebe masa kewa, akwai matan aure, akwai samari da suka ga abin a waya ya burge su. Mun zauna mun tattauna, 'yan'uwa suka ɗora mini nauyin rubutu. Mun zaɓi mu rubuta a buɗe ne saboda mun ɗaga hannu a taro har sau biyu, aka ce za a duba, daga nan ba mu sake jin komai ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka muna roƙon ku karanta da zuciya ɗaya.

Abin da ya tayar da maganar shi ne shawarar da kwamiti ya yanke ta soke zagayen wata-wata. A da, kowane wata ana haɗuwa a wurin amyoyin wani ɗan ƙungiya, a tada hayaƙi, a buɗe, babba ya ɗago saƙa ya nuna, yaro ya tambaya. Yanzu an maye gurbin wannan da bita ta yini ɗaya a ɗakin taro: a nuna hotuna a bango, a ci abinci, a raba takardar shaida, a bakin ƙofa kuma a sayar wa kowa da akwati da ragar fuska da gwangwanin hayaƙi. Mun ji dalilanku. Manya sun gaji da zirga-zirga ba tare da ko kuɗin mota ba, kuma bita tana kawo wa ƙungiya kuɗin shiga. Ba mu raina waɗannan dalilai ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuma ga inda yake zubo mana.

Babban abin da muka rasa shi ne ido. Kiwon zuma karatu ne, littafin kuwa saƙa ce, kuma ba a koyon karanta ta daga hoto. Ranar da na fara buɗe amyata ni kaɗai, na haddace duk abin da aka faɗa mana: ƙwai yana kwana 3 kafin ya zama tsutsa, ma'aikaciya tana fitowa a kwana 21, sarauniya a kwana 16, namiji a kwana 24. Na ɗago saƙar farko, na tsaya ina kallo kamar an miƙa wa makaho madubi. Ban iya bambance ramukan da aka rufe a kan zuma da waɗanda aka rufe a kan 'ya'ya ba. An ce mana mu tabbata akwai sarauniya, sai na shiga nemanta saƙa bayan saƙa, amya a buɗe kusan awa guda, iska tana bugun 'ya'yan da ƙudan ke wahalar riƙe musu ɗumi a wajen digiri 35. Ƙudan suka fusata, ni ma na ruɗe, na rufe ban gan ta ba, na kwana ina tunanin amyata marainiya ce.

Bayan makonni na yi sa'ar haɗuwa da wani dattijo daga cikinku. Da na ba shi labari sai ya yi dariya, ya ce, yaro, wa ya aike ka neman sarauniya? Ka juya saƙar rana ta haska cikin ramin. In ka ga ƙwai ɗaya tak a tsaye a gindin kowane rami, fari kamar guntun zare, to tana nan, kuma ba ta fi kwana ɗaya zuwa uku da wucewa ta wurin ba, sai ka rufe ka tafi. In kuwa ka ga ƙwai biyu ko uku a rami ɗaya, wasu manne a jikin bango, to ka ji tsoro, mai yiwuwa ma'aikata ne suka fara zuba ƙwai saboda uwa ta mutu, kuma ƙwansu maza kawai yake haifarwa, amya za ta ƙare a hankali. Wannan magana ba ta kai minti biyu ba, amma ta fi mini duk yinin da na yi a ɗakin taro. Irinta kuma akwai ɗaruruwa a kawunanku: ƙarar amya mai uwa da ta marar uwa, warin amya mai lafiya, yadda ake gane ƙudan da ke shirin rabuwa tun daga dogayen ramukan sarauniya da suke ratayawa a gefen saƙa kamar kwanson gyaɗa, yawan hayaƙin da ya isa da wanda ya yi yawa. Ba ku rubuta su ba, wataƙila ma ba ku san kun san su ba, sai an buɗe amya a gabanku suke fitowa. Da kuka soke zagaye, ƙofar da waɗannan abubuwa ke bi su iso gare mu kuka rufe.

Sai maganar akwatin kansa. A bitar an ambaci Lorenzo Langstroth, limamin cocin nan na Amurka, wanda a 1851 ya gane cewa ƙudan zuma suna barin wani ɗan fili a matsayin hanya, tsakanin milimita 6 zuwa 9. In filin ya gaza haka sai su liƙe shi da ƙaro, in ya fi haka sai su gina saƙa a ciki. A kan wannan ma'auni aka gina duk wata amyar zamani da ake iya zaro saƙarta a mayar. Abin mamaki, an koya mana wannan da safe, da yamma aka sayar mana da akwatunan da kafinta ya ƙera da ido. A nawa, sandunan da ake jerawa a saman akwati ƙudan su rataya saƙa a jikinsu ba su yi faɗi ɗaya ba, wata ta fi wata. Alhali faɗin sanda shi ne ke sa ƙudan su gina saƙa ɗaya a kan sanda ɗaya: wajen milimita 32 ga ƙudan Afirka masu ƙaramin jiki, wajen 35 ga na Turai. Da aka kuskure, nawa suka gina saƙarsu a gicciye, ta ratsa sanda huɗu. Duk lokacin da na yi ƙoƙarin ɗaga ɗaya sai saƙa ta yage, zuma ta tsiyaya, 'ya'ya su mutu. Akwatin zamani ya koma ba shi da maraba da kogon bishiya, sai dai shi an biya kuɗinsa. Wasu daga cikinmu kuma ɗanyen katako aka ba su, yana bushewa ya tsage, tururuwa da buzuzun amya da asun kaki suka sami ƙofa. Wanda bai taɓa ganin abin da tsutsar asu ke yi wa saƙa ba, ya gode Allah: saƙa mai kyau takan koma kamar yanar gizo-gizo cike da baƙin kashi cikin 'yan makonni.

Ba muna cewa kwamiti ya cuce mu da gangan ba ne. Amma an sayar da kayan ne a inuwar ƙungiya, da sunanta muka yarda muka saya, kuma babu wanda ya ɗora abin awo a kan ko akwati ɗaya kafin a miƙa mana.

Takardun da aka raba mana ma haka. Ana gani an san kwafo su aka yi daga wani wuri mai wani yanayi, aka haɗa da na wani wurin daban, ba a tace ba. Ƙudan zuma ba iri ɗaya ba ne a duniya. Na ƙasashe masu tsananin sanyi sun saba da tara abinci su dunƙule wuri ɗaya su jira hunturu ya wuce. Na ƙasashe masu zafi kuwa, in abinci ya yanke ko aka dame su, sukan tattara su bar gidan gaba ɗaya, kuma sun fi saurin fushi. Duniya ta ga wannan bambanci a Birazil, inda aka kai sarauniyoyin Afirka a 1956 don gwaji, a 1957 wasu gungu 26 suka kuɓuce, zuriyarsu ta bazu har ta kai kudancin ƙasar Amurka a 1990, ta tilasta wa masu kiwo a can sauya yadda suke aiki. To in hali ya bambanta haka, yaya za a ba sabon shiga jadawalin da bai dace da ƙudansa ba, bai dace da furannin da ke kewaye da shi ba? Wane wata ne fure ke buɗewa, wane wata ne yunwa ke shigowa amya, yaushe ne gungu ke yawo ana iya kama su: wannan ilimi na kowane yanki daban ne, kuma a wurinku kaɗai yake.

Abu na gaba ya fi mana ciwo, domin a nan ne aka lasa mana zuma a baki. Mai bitar ya tsaya a gaban allo yana lissafi: amya ɗaya kilo kaza, a ninka da amya goma, a ninka da girbi biyu. Kowa ya fita yana murmushi. Babu wanda ya ce mana shekarar farko ta ƙudan ce. Sabon gungu sai ya gina gida tukuna, kuma kaki tsada gare shi: ƙudan kan ci kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin su fitar da kilo ɗaya na kaki daga jikinsu. Ma'aikaciya ɗaya, a lokacin aiki, ba ta wuce mako shida a duniya, abin da take tarawa duk rayuwarta bai cika ko rabin ƙaramin cokali ba. Wanda ya san wannan, hannunsa zai yi sanyi in ya zo ɗiba.

Ni ban sani ba. Da na ga saƙa uku sun yi nauyi, na yanke su duka, na kai gida ana ta murna, har na aika wa 'yan'uwa a ƙananan kwalabe. Ashe lokacin fure ya zo ƙarshe, abin da na kwashe shi ne guzurinsu. Bayan kamar mako uku na je da safe, tun daga nesa na ji wurin ya yi tsit. Babu mai shiga, babu mai fita. Na buɗe na tarar da busasshiyar saƙa da 'yan tururuwa suna yawo. Ba na jin zan manta wannan shirun. Laifina ne, na yarda, kwaɗayi ne ya ja ni. Amma da akwai zagaye a watan nan, da wani cikinku ya riƙe mini hannu ya ce bar musu biyu.

Zumar da na raba kuma, bayan wata guda aka kira ni aka ce tana kumfa, ta yi tsami, murfin wata kwalba har ya tashi. Ruwa ba ya tsami banza. Na haɗa da saƙar da ba a gama rufewa ba, wato zumar da ba ta nuna ba. Ruwan fure yana shigowa amya da ruwa mai yawa, ƙudan su yi ta fifita da fikafikansu har ya ragu zuwa wajen kashi 18 cikin 100, sannan su rufe ramin da kaki. Ƙa'idar abinci ta duniya da hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO da WHO, suka shimfiɗa ta ce kada ruwan da ke cikin zuma ya wuce kashi 20. Akwai ɗan ƙaramin abin awo da ake ɗiga zuma a kan gilashinsa a leƙa, nan take ya nuna yawan ruwan. Sabon shiga mai amya ɗaya ba zai sayi wannan ba, amma ƙungiya tana iya mallakar guda biyu a riƙa ara. Mun tambaya, aka ce babu.

Ranku ya daɗe, yanzu zan zo kan abin da in ba a tashi tsaye ba zai iya shafar kowa, har da ku masu amya hamsin. Ana ba mutane ƙudan zuma su kai cikin unguwa ba tare da wani ya je ya ga inda za a ajiye su ba. Ɗaya daga cikinmu ya kafa tasa ƙofarta tana kallon hanyar da yara ke bi. Wata 'yar'uwa ba a gaya mata ta tanadi ruwa ba, ƙudanta suka gano wurin wankin maƙwabta suka mayar da shi mashayarsu, kuma ƙudan zuma in ya saba da wurin ruwa, raba shi da shi aiki ne. Wani ya buɗe amya da tsakar rana alhali akwai dabba a ɗaure kusa, dabbar da ba ta da halin gudu. Allah ya kiyaye ba a yi asarar rai ba, amma an yi ta zumunci, har yau ba sa gaisawa da maƙwabcin.

Duk waɗannan suna da magani mai sauƙi wanda kowannenku ya sani. A juya ƙofar amya ta kalli shinge ko katanga mai tsayin kamar mita 2, ƙudan su tashi sama tun daga fitowa, su wuce ta kan mutane. A ajiye ruwa da tsakuwa ko 'yan itatuwa a ciki tun kafin ƙudan su iso. A buɗe amya da yamma lis, lokacin da ƙafa ta ɗauke. In an yi harbi a kankare ƙarin da sauri, a busa hayaƙi a wurin, domin ƙarin yana fitar da wani wari mai kama da na ayaba wanda ke kiran sauran su zo su taya faɗa. Mafi muhimmanci, a san bambancin kumburin harbi na yau da kullum da wanda ke kisa. In mutum ya fara jin numfashi yana sarƙewa, ko leɓe da harshe suka kumbura, ko jiri ya ɗebe shi, ko ƙuraje suka feso a duk jiki, wannan ba na shafa wani abu a jira ba ne, na asibiti ne a guje, allurar adirenalin ce ke ceton rai, kuma mintoci ne ke tsakanin mutum da ajali. A bitar da aka yi mana, abin da aka ce game da harbi bai wuce raha ba: ba a shan zuma sai an sha harbi. Aka yi dariya aka wuce. Karin maganar gaskiya ce ga mai kiwo, shi ya zaɓa. Ɗan maƙwabci bai zaɓa ba. Ranar da mummunan abu ya faru, hukuma ba za ta tambayi wane ne sabo wane ne tsoho ba, cewa za a yi a kwashe amyoyi daga unguwa baki ɗaya.

Kan maganin feshi ba zan tsawaita ba, kun fi mu sanin yadda ake wayar gari a tarar da ƙudan zube a bakin amya. Ƙudan kan yi kiwo har nisan kilomita 3 ko fiye, don haka gonar da mai amya bai taɓa takawa ba tana iya kashe masa gida. Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magungunan ƙwari guda uku na dangin niyonikotinoyid a fili tun 2018 saboda illarsu ga ƙudan zuma. Mu ba mu da ikon hana komai, amma manomi zai saurari ƙungiya fiye da yadda zai saurari mutum ɗaya mai akwati ɗaya, in aka roƙe shi ya guji feshi a kan fure, ya bari sai yamma, ya kuma sanar kafin ya fesa. Haka nan ƙaramar kaskar nan mai suna varroa, wadda ta taso daga ƙudan Asiya ta game duniya har ta shiga Ostareliya a 2022: yawancinmu ba mu taɓa ganin ta da ido ba, in tana cikin amyoyinmu ma ba za mu gane ba.

Na bar maganar zumar kanta a ƙarshe domin ita ce mutuncinmu duka. Babu abincin da ɗan Adam ya girmama kamar zuma. A wani kogo kusa da Balensiya a ƙasar Sifen akwai zanen mutum ya hau yana ɗibar zuma, ƙudan suna kewaye da shi, an ƙiyasta shekarunsa sun kai dubu 8. Masarawan dā sun yi kiwonta a tukwanen ƙasa. A Alƙur'ani mai girma sura guda ce ke ɗauke da sunan ƙudan zuma, aka kuma ambaci waraka ga mutane a cikin abin da ke fita daga cikinsa. Shi ya sa mai sayen zuma da yarda yake saye, sau da yawa don mara lafiya. Wannan yarda kuwa ana cin amanarta a ko'ina. A 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon binciken samfuri 320 na zumar da ake shigar mata da ita, kashi 46 cikin 100 aka zarge su da algus, galibi da ruwan sukarin da ake yi daga shinkafa ko alkama ko wata saiwa mai zaƙi da ake yin sukari da ita. Abin ya kai Apimondia, babbar ƙungiyar masu kiwon zuma ta duniya, ta janye gasar zuma daga taronta na 2025 a Kofanhegan, babban birnin Denmak, saboda ba ta da tabbacin za ta iya tantance ta gaskiya daga jabu.

To in masu ɗakunan gwaji suna fama, me ya sa a bitarmu aka tsaya ana koya mana gwajin ashana da na kofin ruwa da na tururuwa? Wai in ashana ta kama bayan an tsoma ta, zuma ce tsantsa. Wai in ta nutse a ruwa ba ta narke ba, ta gaskiya ce. Wai tururuwa ba ta bin zumar asali. Duk mai amya ya san tururuwa ita ce babbar ɓarauniyar zuma. Gwajin ashana da na ruwa kuwa kauri kawai suke nunawa, kuma narkakken sukari mai kauri zai ci jarrabawar, zumar gaskiya mai ɗan ruwa ta faɗi. Mafi muni shi ne cewa zumar da ta daskare ta yi tsaki-tsaki sukari aka zuba mata. Daskarewa ɗabi'ar zuma ce, ya danganta da irin furen da aka ɗebo, wata cikin makonni, wata sai ta shekara. Saboda wannan camfi mutane suna mayar da zuma mai kyau suna zagin mai ita, su sayi wadda ba ta taɓa daskarewa ba domin ba ta taɓa ganin amya ba. Masu kiwo kuma, don gudun zargi, sai su ɗora zumarsu a wuta, ƙamshi ya gudu, launi ya yi duhu, amfanin da ake nema ya ragu. Idan ƙungiya da bakinta tana yaɗa waɗannan, mai algus take yi wa aiki ba ta sani ba.

Akwai kuma abin da muke jin wasu 'yan ƙungiya suna faɗa wa masu saye, wanda ke sa mu sunkuyar da kai. Ana cewa mai ciwon sukari ya sha iya son ransa, alhali mafi yawan abin da ke cikin zuma sukari ne, kuma tana ɗaga sukarin jini. Ana kuma yin shiru kan jarirai. Likitoci sun yi ittifaƙi kada a ba yaron da bai cika wata 12 ba zuma, komai kyanta, komai ƙanƙantar abin, domin tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta da hanjin babba ke iya kashewa amma na jariri ba ya iyawa, ta saki guba ta shanye masa jiki har numfashi. Dafawa a gida ba ta kashe ta. Girmama zuma bai hana a faɗi wannan ba. Uwar da ta sayi kwalba a hannunmu ta cancanci ta ji daga bakinmu.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

A dawo da zagayen wata-wata. In kuɗin mota ne matsala, mu sababbi mun yarda mu riƙa haɗawa duk wata, mu ɗauko babba daga gidansa mu mayar da shi. In gajiya ce, a raba: manya su yi karɓa-karɓa, kowa sau ɗaya ko biyu a shekara. Ba mu ce a soke bita ba, a bar ta ta zama ƙofar shiga, amma kada a ba kowa takardar shaida sai ya ga shekara guda ta zagayo a gaban amya, ya ga lokacin yalwa da na yunwa, ya buɗe da hannunsa a gaban wanda ya sani.

A haɗa kowane sabon shiga da babba guda wanda zai iya kira in ya ga abin da bai gane ba, kuma wannan babban ya je ya ga wurin da za a ajiye amya kafin a kai ƙudan. Inda bai dace ba a faɗa wa mutum gaskiya, ko da zai ji haushi. Zai fi kyau ma ƙungiya ta nemi fili guda inda marasa wuri za su ajiye nasu tare.

Kada a sake sayar da akwati da sunan ƙungiya sai wani ya auna shi. A ba kafintoci ma'auni a rubuce, a kuma karɓi waɗanda aka riga aka sayar a gyara. A sayi abin awon ruwan zuma a ajiye a hannun sakatare. A zauna da dattawa a rubuta jadawalin furanni da na aikin amya wata bayan wata, tun suna raye, ko da shafi biyu ne. A cire gwajin ashana daga bita, a sa darasin harbi a madadinsa, in da hali a gayyato ma'aikacin lafiya ya yi bayani. Duk kwalbar da za ta fita da sunan ɗan ƙungiya a rubuta mata sunan mai ita, da watan da aka ɗiba, da gargaɗin jarirai.

Ranar 20 ga Mayu tana tafe, Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2017 bisa shawarar ƙasar Sulobeniya. An zaɓi ranar ce don tunawa da Anton Janša, wanda aka haifa a 1734, kuma abin da aka san shi da shi koyarwa ne, shi ne malamin kiwon zuma a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Mun ji ana shirin buga riguna da kama ɗakin taro. Muna roƙon a bana a bar ɗakin, a yi zagayen farko a ranar. In ana neman inda za a fara, amyata ta biyu tana nan, wani gungu ya shiga da kansa watanni biyu da suka wuce. Na ga suna shiga da garin fure a ƙafafunsu, wanda dattijon nan ya ce alama ce ta ana renon 'ya'ya, amma ban buɗe ba tukuna, ina jiran wanda zai tsaya kusa da ni. Hayaƙi da ruwan sha suna wuyana.

Allah ya huci zuciyarku in mun yi kaushin harshe. Muna sauraron amsarku a zama na gaba.

Wassalam.

Naku ɗan ƙungiya,
a madadin sababbin shiga.